Ɗana mai galahanga ya shekara shida yana kashi a wando: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Ɗana shekararsa shida, likita a Kano ya ce larurar galahanga ce da shi, wato otizim. Maganarsa ba ta wuce kalma uku zuwa huɗu ba. Fitsari duk inda ya kama shi nan yake saki. Kashi kuwa sai ya faki ido ya zagaya bayan rumbu, ya tsaya a tsaye ya yi a wando. In na ja shi masai sai ihu da toshe kunne, har ya ciji hannunsa. Kakarsa ta ce sangarta ce, bulala ce maganinsa. Kuɗin famfas ya fi ƙarfinmu, wanki kuma ya gama da ni. Ta ina zan ɓullo wa abin?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ki lada, ya raya mana shi.

A duk abin da kika lissafa, maganar bayan rumbun nan ce ta fi ba ni ƙwarin gwiwa, ko da yake na san ke ita ce ta fi ƙona miki rai. Yaron da zai bar wasansa, ya faki idon mutane, ya taka har wurin da ya saba sannan ya yi, ya riga ya san lokacin da kashi ke tahowa, kuma yana iya riƙe shi har ya isa. Akwai yaran da muke shafe watanni muna neman su kai wannan matsayi. Naki ya riga ya zaɓi bayan gidansa, ba dai inda kuke so ba ne. Don haka kada a toshe bayan rumbun da ƙaya, kada a kore shi daga can. Nan za a fara, daga nan a taka a hankali har ƙofar masai.

Yawancin yara suna barin ɓata wando da rana tsakanin shekara biyu da huɗu. Masu galahanga sukan makara, kuma koyon yakan ɗauki watanni. Da yawansu suna iyawa tsaf, wasu kuma sukan ci gaba da buƙatar mai tuna musu ko mai taya su tsarki. Shekara shida ba a makara ba.

Amma kafin maganar fo ko masai, ki fara duba cikinsa. Wannan shi ne abin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi rusa aikin. Taurin bayan gida ya yi yawa a irin waɗannan yara, saboda da yawansu abinci kala biyu ko uku kawai suke yarda da shi, burodi da shayi, ko farar shinkafa, ko biskit, ba sa taɓa miya, ruwa ma sai an bi su da shi. Sau nawa yake kashi a mako? In bai kai sau uku ba, ko yana fitowa ƙwaya-ƙwaya kamar na awaki, ko ya yi kauri har yana kuka, ko kina ganin ɗan jini a jikinsa, to akwai matsala. Tsayuwar nan da yake yi ma ki lura da ita. Wani yaron in ya miƙe ƙafafu ya matse cinya ya yi ɗage, uwa takan ɗauka nishi yake, alhali riƙewa yake yi, don ya taɓa jin zafi ba ya son ya sake ji.

Ga yadda abin ke tafiya. Kashin da aka riƙe yana zama a ƙarshen hanji, jiki ya tsotse ruwansa, ya ƙara tauri. Wurin ya buɗe ya saki, har yaron ya daina jin alamar cewa ya cika. Daga nan sai mai ruwa-ruwa na sama ya riƙa tsiyayowa ta gefen mai taurin, yana ɓata wando ba da saninsa ba. Uwa ta ga haka ta ce zawo ne, a je kemis a karɓo maganin tsayar da zawo, abu ya ƙara cushewa. Kuma hanjin da ya cika yana danne mafitsara, shi ya sa wani yaron da zarar an warware masa ciki sai yawan fitsarin ma ya ragu.

In kin ga waɗannan alamu, ki kai shi asibitin da ya fi kusa da ku ki faɗa musu dalla-dalla. Akwai maganin ruwa mai suna lactulose, akwai na gari da ake jiƙawa mai suna macrogol, aikinsu su jawo ruwa cikin kashin ya yi laushi. Ma'aikacin lafiya ne zai yanke adadin gwargwadon nauyin yaron, kuma sau da yawa sai an yi watanni ana ba shi, don hanjin da ya saki ba ya komawa daidai a mako guda. Kada a jiƙa masa filasko, kada a yi masa ɗurar ruwan sabulu ko ta saiwoyi ta dubura. Ban da haɗarin da ke ciki, yaron da aka danne aka yi wa haka ba zai sake yarda kowa ya kusanci wandonsa ba. A abinci kuma ki yi dabara. Kuka, kuɓewa, zogale, wake, gwanda, mangwaro in lokacinsa ne, duk suna taimakawa. In ba ya yarda da ganye a ido, ki daka busasshen zogale ya yi laushi ki riƙa zuba ɗan kaɗan a abin da yake ci, kaɗan sosai da farko, don waɗannan yara suna gane canjin ɗanɗano da wuri, in ya gane kuma zai iya ƙaurace wa abincin gaba ɗaya. Ruwa kuwa ki riƙa miƙa masa, kada ki jira ya nema, musamman a zafin bazara.

Tunda za ki je asibitin, ki haɗa da waɗannan. In yana sosa duburarsa da dare, a duba tsutsar ciki. In yana shiga ruwan fadama ko na kududdufi, ku da kuke kusa da kogin Haɗeja, ki lura ko akwai jini a ƙarshen fitsarinsa, wannan tsargiya ce kuma tana da magani. In yana kuka lokacin fitsari, ko ƙishirwa da fitsarin sun yi yawa fiye da da, a gwada fitsarin. In kuma yakan ƙafe ido na ɗan lokaci kamar ba ya nan, sannan ki ga ya jiƙe, ki faɗa wa likita, domin farfaɗiya takan zo tare da galahanga.

Yanzu masai. Gobe da safe ki shiga ki durƙusa daidai tsayinsa ki duba. Daga hasken tsakar gida an shigo duhu. Ƙasa a jiƙe, shi kuma ba takalmi. Ga rami baƙi wanda faɗinsa ya kusa faɗin ƙugunsa, tururi mai wari yana tasowa, ƙudaje na tashi, kyankyaso ya leƙo ya koma. Ƙyauren langa-langa ya buga, ƙarar ta cika ɗakin. Ke kin saba har ba kya ji. Shi kuwa ƙwaƙwalwarsa ba ta tace sauti da wari da taɓi yadda taki ke yi, komai yana iso masa da ƙarfinsa lokaci guda. Toshe kunnen da cizon hannun nan ba taurin kai ba ne, abin ne ya fi ƙarfinsa. Ga kuma manya da ke tsorata yara da cewa akwai aljanu a masai. Kada ki ɗauka don ba ya magana ba ya ji.

Na san a Jigawa maganar kashi a fili ba wasa ba ce yanzu. Tun watan Oktoba na 2022 aka ayyana ta a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a sarari, kuma ba mai son a ce gidansa ne ya mayar da hannun agogo baya. Abin alheri ne. Fo shi ne zai raba gardama: yaro ya yi a ciki, a juye a masai nan take, a ɗauraye, ki wanke hannu da sabulu, in babu ki sa toka. Kashin yaro yana ɗauke da cuta daidai da na babba.

Ki sayi fo na roba mai faɗin gindi wanda ba ya rawa, ki ajiye shi a bayan rumbun, daidai inda yake tsayawa. Kwanakin farko kada ki ce masa komai, ya dai saba da ganinsa. Sannan ki fara zaunar da shi a kai da wandonsa, a lokacin da ba ya jin komai, ko na ƙiftawar ido ne, ki ba shi abin da yake so, ya tashi. In ya saba, sai ki nemi ya yi kashin a zaune a kan fo, har yanzu da wandon a jikinsa. Na san za ki ce to me aka yi, wankin yana nan. An yi babban abu, domin an raba shi da tsayuwa. Bayan nan ki samo tsohon wando ki huda shi ta ƙasa, ƙaramar huda, ki riƙa faɗaɗa ta duk bayan 'yan kwanaki, har kashin ya riƙa faɗawa cikin fo alhali shi yana jin wando a ƙugunsa. Wasu yaran abin da suke tsoro ke nan, jin wani abu ya rabu da jikinsu ya faɗi. A ƙarshe wandon ya zama sai zariya da ƙafafu, sai a cire.

Sai ya zauna daram a wannan matakin za ki fara matsar da fo, taku biyu ko uku, ki bar shi nan kwana biyu, ki ƙara. Ranar da ya ƙi, ki mayar da shi inda ya yarda jiya, ba faɗa. Kafin fo ya iso ƙofar masai, maigida ya gyara wurin: a yi wa ramin murfi, a riƙa zuba toka don wari da ƙuda, a huda taga ko a ɗage rufin haske ya shiga, a ɗaure ƙyauren ya daina bugawa, a saya masa silifas na shiga. Ramin in ya yi faɗi a ɗora katako mai ƙaramar huda. Akwai kuma kwanon masai na roba mai suna SATO wanda ke rufe kansa bayan an zuba ruwa, yana ɓoye ramin gaba ɗaya. In kun samu, ki bari ya ga yadda yake aiki tun kafin a ce ya hau. Kuma kada a taɓa barinsa shi kaɗai a masai mai buɗaɗɗen rami.

Fitsari kuwa da lokaci ake kama shi. Kuskuren da na fi gani shi ne a zauna jiran yaro ya ce yana ji. Wanda kalmominsa huɗu ne, kuma saƙon mafitsara ba ya isar masa sosai, ba zai faɗa ba, kuma in kin tambaye shi "kana jin fitsari?" ko dai ya yi shiru ko ya maimaita miki tambayar. Ki ɗauki mako guda kina lura kawai. Duk bayan kamar awa ɗaya ki taɓa wandonsa. Ba sai da takarda ba, ki ja layi da gawayi a bango, ki raba yinin da abin da kika sani: bayan asuba, bayan koko, hantsi, azahar, la'asar, magariba. Inda kika tarar da shi a jiƙe ki yi alama, inda ya yi kashi ki yi wata daban. Kafin mako ya ƙare za ki ga abin yana da tsari. Sai ki riƙa kai shi kafin lokacin da ɗan kaɗan. Kashi ya fi zuwa minti 15 zuwa 30 bayan cin abinci, musamman na safe, domin shigar abinci ciki ita ke motsa hanji. Wannan lokacin kada ya wuce ki.

Ki saya masa buta ƙarama tasa shi kaɗai, mai launin da ba irin na sauran butocin gidan ba. Duk lokacin da za a je, ki miƙa masa ita a hannu, ki ce kalma ɗaya, "fo", ki kama hanya. Ba tambaya, ba dogon bayani. Kowa a gidan wannan kalmar zai faɗa, kada ke ki ce fo, kaka ta ce bayi, yayarsa ta ce tsuguno. A ƙasashen da ke da kayan aiki hotuna ake nuna wa yaro, amma abin da zai riƙe a hannu ya fi hoto saurin shiga, kuma butar tana da wata fa'ida: ita ce za ta zama bakinsa. Ranar da ya ɗauko ta da kansa ya kawo miki, ko ya tsaya kusa da ita yana kallonki, ki ajiye ko me kike yi, ko tuwo kike tuƙawa, ki tafi da shi. Ya yi magana ke nan. Ki ajiye ta wuri guda inda hannunsa zai kai, kuma ki hana sauran yara ɗauka.

Zaman kada ya wuce minti uku zuwa biyar. In bai yi ba ku tashi lafiya, a sake gwadawa an jima. In ya yi, ko ɗigo ne, tukwicinsa ya zo nan take, yana kan fo ɗin, ba sai an koma ɗaki ba, don in an jinkirta ba zai haɗa tukwicin da abin da ya yi ba. Ki ƙulle shi a bakin zaninki tun kafin ku fita. Me ya fi so a duniya? Gutsuren ƙuli-ƙuli, ɓarin dabino, murfin kwalbar da yake juyawa, fitilar waya? Wannan abin a daina ba shi a kowane lokaci sai wannan. Kuma ki auna yabon da yanayinsa. Yaron da ke toshe kunne, in aka taru aka yi masa tafi da guɗa, an hore shi ne ba a sani ba. Wannan tsari na kaiwa a kan lokaci, da yawaita ba da abin sha don damar ta yawaita, da tukwici nan take, wasu masana biyu a Amurka, Azrin da Foxx, su suka fito da shi a 1971, kuma har yau a kansa ake gini. Akwai ɓangaren horo a tsarinsu na asali, wanda akasarin masu aikin yanzu sun ajiye shi.

In ya ɓata wando, fuskarki ta zama ba yabo ba fallasa. Ki kai shi wurin fo, can za a canza, ki juye kashin a ciki yana gani, ki ce "fo", shi ke nan. Kada kuma canjin ya zama wanka mai daɗi da wasan ruwa, don wani yaron sai ya gane hanyar samun wankan ke nan.

Maganar bulala. Kakarsa ba mugunta take nufi ba, haka ta ga an yi, kuma ta ga yara da yawa sun daina. Amma yaro irin wannan in aka doke shi bayan ya yi, abin da yake ɗauka shi ne kashi yana jawo duka, ba wai wurin ne ba daidai ba. Sai ya riƙe, ko ya ƙara nisa wurin ɓuya, a koma kan taurin cikin da muka fara da shi. Ba ke za ki yi musu da surukarki ba. Ki sami maigida a natse, shi ya je ya ce mata likita ya ce larura ce, a ba mu wata biyu ba duka a ga abin da Allah zai yi. Sannan a ba ta matsayi a cikin aikin, tunda ta fi kowa zama a gida: ita ce mai ajiyar dabinon, ko mai tuna lokaci. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da wannan larura, an fi ganinta a maza, kuma ba rainon uwa ne ke kawo ta ba. Addu'a da tofi ba mai hana ku. Abin da ban yarda da shi ba shi ne hayaƙi, da ɗauri, da kai yaro gidan mari, da sayar da akuya a ba mai cewa yana da maganin da zai warkar da galahanga. Babu wannan maganin, ko a asibiti.

Tsarki da saka wando su ma koyarwa ake yi, kuma daga ƙarshe ake farawa. Ki ja masa wandon har cinya, shi ya ƙarasa. In ya iya, ki tsaya a gwiwa. A bar wando mai zariya, a koma mai roba wanda ya ɗan yi masa yawa. Wajen tsarki ki tsaya ta bayansa, hannunki a kan hannunsa na hagu, ki riƙa sassautawa har ya zama taɓa gwiwar hannu kawai kike yi. Da hunturu ki sirka ruwan, ruwan randa mai sanyi kaɗai ya isa ya sa ya ƙi wurin. Addu'ar shiga da ta fita ki riƙa yi masa a bayyane kullum iri ɗaya, irin waɗannan yara suna son abin da ba ya canzawa, kuma tana nuna masa farkon abu da ƙarshensa. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: masu kai shi bayan gida su zama mutum biyu ko uku da kika amince da su, ba duk wanda ke kusa ba. Yaron da ba ya magana ba zai iya kawo ƙara ba in an cuce shi. Yana ƙara girma kuma, mahaifinsa ya karɓi wannan ɓangaren.

Fitsarin kwance ki bar shi tukuna. Ba da gangan ake yinsa ba, yakan zo daga baya, ko a yaran da ba su da wata larura. Ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zani, ki kai shi kafin barci da kuma da ya farka, kuma kada a bar yara su yi masa waƙar tsokana.

Ki zaɓi lokacin farawa da kyau. Ba da shuka ba, ba da girbi ba, ba ana shirin biki ko kina jego ba. Ki nemi mako biyu da za ki zauna a gida, akwai mai kama miki girki da ɗiban ruwa, ki tanadi wanduna biyar ko shida ko na gwanjo ne. Da rana a ajiye famfas da ƙunzugu gaba ɗaya, don suna shanye jiƙar ba ya jin ya yi. Zai iya a gida ya kasa a gidan kakanninsa, wannan ba komawa baya ba ce, sai an koya masa a can ma, saboda haka in za ku unguwa butar da fo su bi ku. Bayan zazzaɓi ko wani canji a gida yakan koma ɓata wando na 'yan kwanaki, sai a koma kai shi a kan lokaci.

In cikinsa ya kumbura yana amai, musamman kore, ko ya kwana biyu ba ya ci ga zazzaɓi, wannan na gaggawa ne, a tafi babban asibitin Ringim a ranar. In kuma kin yi wata uku kina bin tsarin nan ba ko alamar motsi, ki nemi a tura ku wurin likitan yara a asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko ku je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ki sa a kwafe miki alamomin bangon nan a takarda, ko a ɗauke su a waya, ki tafi da su, sun fi "kullum yana yi" amfani a wurin likita.

In za ki sake rubutowa, ki faɗa min sau nawa ya yi kashi a makon da kika lura, yaya kamanninsa, da abin da yake ci daga safe zuwa dare. Da su zan san ko fo za a fara sayowa ko asibiti za a fara zuwa.